Kifin Baba Arzika Ya Kai Tawa

Tun da na dawo daga Tawa ta ƙasar Nijar ban huta ba. A ƙofar masallaci, a bakin tasha, a majalisarmu ta gindin dalbejiya, tambayar kowa ɗaya ce: “Malam Shehu, yaya ƙasar sefa?” Wani labarin kilishi yake so, wani so yake in ce an wulaƙanta ni a kan iyaka ya samu abin dariya. Ni kuma sai in ba su rabin labari in karkaɗe riga in tashi. To yau ga shi duka. Wanda ya karanta, don Allah ya ƙyale ni haka nan.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne shugaban wata 'yar cibiyar koyon sana'a a nan Illela. Muna da ɗinki, walda, kafinta, da gyaran injin ban ruwa. Wannan na ƙarshen ya fi kowanne ɗalibai, don duk mai noman albasa a fadama ya san ranar da inji ya tsaya, gona ce ta tsaya. Mai koyar da shi Baba Arzika ne, mutumin Kalmalo, da ke hawo tsohon babur ɗinsa ya zo mana duk Laraba da Alhamis. Bai yi boko ba, allo ya yi. In aka kawo masa inji mai ciwo ba ya gaggawar kwance shi. Sai ya sa a tayar, ya ɗora tsinin sukudireba a jikin ƙarfen, ya manna ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido. Can sai ka ji ya ce ringi ne, ko bawul ne. A buɗe, a tarar haka ne. Shekara goma sha ɗaya ina wucewa ta ƙofar rumfarsa ina ganin wannan abu, ban taɓa tsayawa na tambaye shi ba.

Sai aka kafa kwamitin bincike a Sakkwato don a fitar da sabon tsari kan wanda ya cancanta ya koyar a cibiyoyi irin tamu. Aka turo mana Dakta Mu'azu, Bakano, mutumin kirki mai son takarda, da fom ɗin da kowane malami zai cike. Da yake Baba ba ya karatun boko, ni na cike masa. Gurbi na huɗu na takardar shaida ne: digiri, difloma, shaidar gwajin sana'a, ko babu. Na ja layi a kan babu. A ƙasa akwai fili mai faɗi da aka ware don ƙarin bayani. Wallahi na gan shi. Amma an kira azahar, ga sauran fom a gabana, sai na tsallake.

“Mi kar rubuta, Malam?” in ji Baba.

“Ba komai, Baba, cika ƙa'ida ce kawai.”

“To madalla.” Ya karɓi biro ya sa sunansa da ajami.

Bayan wata uku wasiƙa ta zo: duk mai babu a gurbi na huɗu a sallame shi, shugaban cibiya ya sa hannu. Na sa hannu, na jefa ta a durowa, kwana goma ina kewaye ta. Ana haka Dakta ya bugo ya ce saura mataki ɗaya a rufe rahoto, za a je Tawa a ga yadda maƙwabta ke yi, kuma ni zan raka shi tunda na san hanya. Haka aikinmu yake, a yanke hukunci tukuna sannan a tafi bincike. Nan fa shaiɗan ya ba ni shawara. Na kira mataimakina Malam Bello na ce, “Ranar Laraba in Baba ya zo, ka miƙa masa wannan.” Na ce a raina kafin in dawo zafin ya huce. Tsoro ne, ba wani abu ba, kuma yau na faɗa da bakina.

Ranar Litinin da hantsi muna tsaye a ƙofar cibiya da jakunkunanmu, sai ga ƙarar babur ɗin nan da kowa ya sani. Na ce a raina shi ke nan, ya ji. Ashe ba haka ba ne. Baba ya sauka ya kwance wani ƙunshi a bayan babur, an naɗe da takardar siminti an ɗaure da igiyar kaba.

“Na ji an ce za ka Tawa. Akwai wani yarona can, Isuhu, nan gare ni yay yi shekara bakwai. An ce makarantar sana'a shike aiki. Ka ba shi wanga, ka ce mai kihin Kalmalo na, ya san shi.”

Busasshen kifi ne, kuma tun ban karɓa ba hancina ya shaida. Na karɓa da hannu biyu ban iya kallon idonsa ba. Ya yi mana addu'ar sauka lafiya, ya juya babur ya tafi.

A kan iyaka jami'anmu ba su ɓata mana lokaci ba, don rabinsu suna kawo mana walda. Can ɓangaren Nijar ne aka fara. Dakta ya fito da wasiƙar izini mai hatimi biyu, ya miƙa wa jandarma yana ta bayani da Hausar rediyo. Jandarman ya juya takardar sama, ya juya ƙasa, Turancin Ingilishi ne, bai gane ko kalma ba. Ya ajiye ta gefe ya nuna jakata.

“Mi ad da wari cikin nan?”

Na kwance masa. Yana ganin kifin fuskarsa ta saki. Ya ce kakarsa 'yar Kalmalo ce, da wannan kifi aka yaye shi. Ya tambaye ni ko tafkin ya cika bana, ya tambayi wasu mutane da suka rasu tun ina yaro. Daga ƙarshe ya buga mana hatimi ba tare da ya sake duba wasiƙar ba. Dakta ya yi ta ƙunƙuni har muka hau kabu-kabu, wato baburan haya nasu. Cewa yake yi hatimi biyu na ma'aikata, amma kifi ne ya fitar da mu.

Da mun so mu wuce Tawa a ranar, amma aka ce sai wani jami'i a Ƙonni ya ga takardarmu, shi kuma ya tafi ta'aziyya ƙauye. Dole muka kwana. Masaukin ɗaki ne guda mai gado biyu da fanka mai kuka kamar tsohuwar amalanke. Kafin la'asar kifin ya cika ɗakin, ya shiga rigunanmu, ya shiga takardun Dakta. Ya ce, “Malam Shehu, don girman Allah a fitar da wannan abu.” Na rataye shi a taga ta waje, sai ga kyanwoyi uku sun yi sahu a ƙasa. Na mayar da shi ciki, Dakta ya ɗauki kujera ya koma tsakar gida.

Ƙonni da Illela tafiyar 'yan mintoci ce, dangi ɗaya, harshe ɗaya, amma akwai abubuwan da sai ka zauna za ka lura. Burodinsu dogo ne mai tauri, sai ka yi da gaske kafin ka gutsura, ba irin namu da ke narkewa a shayi ba. Shayin kuma ɗan mitsitsin kofi ne, ɗaci kamar maɗaci, kuma sau uku ake zagayowa. Dakta ya shanye na farko ya miƙe zai tafi, mai masauki ya riƙe masa hannu ya ce ba a tashi kan na ɗaya, sai dai in faɗa aka yi. Malamin makaranta kuwa mushe suke ce masa. Ni da aka kira mushe sau biyu ban waiga ba, don a wajenmu ka san abin da ake kira haka.

Talata muka kama hanyar Tawa a wata bas da aka cika har ƙofa. Mun wuce Tsarnawa lafiya, muna dab da Badagishiri taya ta fashe. Aka sauke mu gindin wata bagaruwa cikin rana tsaka. Wata Bafulatana ta zo da ƙwaryar fura, muka sha, ita ce abin kirki na farko da cikina ya karɓa tun Illela. Fasinjoji kuma suka samu damar faɗin abin da ke ransu game da jakata. Wani ɗan kasuwa ya ce shaddarsa ta lalace. Dakta ya matso ya ce a hankali, “Ka ajiye shi nan bayan bishiya mana, wa zai sani? Shi wannan Isuhun ma ina za ka gan shi a gari guda?”

Ba zan ɓoye ba, na ɗauki ƙunshin na zagaya bayan bagaruwar. Na tsaya da shi a hannu. Sai na tuna gobe Laraba. Mutumin da na sa hannu a kore shi, ɗan saƙonsa ma in yar a daji? Na dawo da shi na cusa ƙarƙashin kujerata, na ce wanda wari ya dama ya buɗe taga.

Mun shiga Tawa bayan la'asar, aka sauke mu a ɗakin baƙi na cibiyar da muka zo gani. Aka kawo mana tuwon gero da miyar kuka, da cuku, wato busasshiyar madarar nan mai faɗi da suke ci da shayi. Dakta ya ɗauka takarda ce aka rufe kwano da ita, ya ajiye gefe. Wannan kam na yi dariya, kuma ita ce dariyata ta ƙarshe a tafiyar.

Laraba da safe shugabar cibiyar, wata mata mai kaifin magana, ta zagaya da mu. Kayan aikinsu bai fi namu ba, kada wani ya ruɗe ku. Injinan ɗinkinsu ma namu sun fi su sabunta. Abin da ya tsayar da Dakta shi ne da ya tambaye ta yadda suke yi da gwanayen da ba su da takarda. Ta ce ai a nan gidan ba takarda ake fara tambaya ba. Ana kawo inji lafiyayye, malamai su ɓata wani abu a cikinsa a ɓoye, su rufe. Sai a kira mutum a ce ga shi nan. In ya gano ciwon ya gyara a gaban mutane, sannan ya iya nuna wa ɗalibi yadda ya yi, su suke rubuta masa takardar da hannunsu. Ta ce, “Wanda ya iya, mu muke bin sa da takarda. Ba shi ke bin mu ba.” Dakta yana ta rubutu har biro na tsalle. Ni kuwa na duba agogo, tara da rabi. Ƙarfe goma Baba ke isowa cibiya.

Daga nan ta kai mu rumfar injin ban ruwa. Muna shiga na tsaya cik. Ɗalibai sun kai ashirin, maza da mata, an tayar da inji a tsakiya, kowanne da sukudireba a hannu. Ɗaya bayan ɗaya suke zuwa, su ɗora tsini a jikin ƙarfe, su manna ƙota a kunne, su lumshe ido. Har karkatar da kan irin ta Baba ce. Malaminsu, wani dogo mai furfura a gemu, yana tambayar kowanne abin da ya ji.

Dakta ya kama hannuna. “Ka gani? Irin wannan muke nema! Ba na'ura, ba tsada. Wannan dole ya shiga rahoto.” Ya juya ga malamin. “Mushe, a ina kuka samo wannan dabara? Faransa aka tura ku kwas?”

Malamin ya yi dariya. “Wace Faransa? Ƙasarku na koyo ta. Wani tsoho na, Kalmalo, kusa da Illela, ana ce mai Arzika. Shekara bakwai niy yi gare shi. Duk wanda kag gani nan, jikan Arzika na.”

Dakta ya dube ni. Ya san sunan, don shi ya tattara fom ɗin. Na buɗe jaka na fito da ƙunshin na miƙa wa malamin na ce, “Kai ne Isuhu? Ya ce kifin Kalmalo ne, ka san shi.”

Mutumin nan babba da shi ya durƙusa ya karɓa. Ya kai ƙunshin hancinsa, wannan warin da ya hana mu sakat kwana biyu, ya shaƙa, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce ranar da aka gwada shi a wannan gida, kafin a gama tayar da injin ya faɗi ciwon, aka ce ko an tsegunta masa ne, aka sake ɓata wani, ya sake faɗi. Ya ce takardar da ke rataye a ofishinsa sunansa ke jiki, amma ta Baba ce. Sannan ya tambaye ni, “Shina nan dai shina koyarwa?”

Na ce, “Shina nan lahiya.” Ban yi ƙarya ba, ban kuma faɗi gaskiya ba.

Na fita da sauri na ciro waya. Layinmu ba ya aiki a can, tun Ƙonni ya mutu, na sani sarai amma na yi ta dannawa. Na koma na ari ta Isuhu, lambar Malam Bello kuma ba ta kaina, sai da na kunna tawa na kwafo. Ta shiga a bugu na uku.

“Malam Bello, wasiƙar nan, kada ka bayar.”

“Ai ranka ya daɗe na bayar tun ɗazu. Yana sauka babur na miƙa masa, kamar yadda ka ce.”

“Me ya ce?”

“Ya tambaye ni ta mece ce, na faɗa masa. Ya ce wa ya sa hannu, na ce kai. Sai ya shiga rumfa ya sallami ɗalibai, ya ɗauki sukudirebansa ya tafi.”

Malam Bello bai yi laifi ba. A duk ma'aikatan da na taɓa yi, shi kaɗai ne ke yin abu a kan lokaci.

Sauran kwana biyun ban san yadda suka wuce ba. An kai mu wasu wurare, an ba mu kilishi, Dakta ya cika littafi. A hanyar dawowa ya ce zai rubuta a rahoto a kawo irin wannan gwaji, kuma a dakatar da sallamar. Ya ce laifin fom ne, shi ya tsara gurbi na huɗu da zaɓi huɗu kawai. Na ce a'a Dakta, akwai fili a ƙasa, layi uku sun isa, ni na bar shi fanko. Isuhu kuwa ya haɗo ni da rawani fari da jerin sifanu sababbi cikin akwatin ƙarfe, ya ce rawanin na Baba, sifanun na ɗalibansa na cibiya. Da muka zo iyaka jandarman nan ya gane ni ya ce, “Kihi ya kai?” Na ce ya kai.

Asabar da safe na hau babur na nufi Kalmalo. Na tarar da Baba a bakin tafki, cikin gonar albasar wani, ya tsuguna gaban inji yana ta tari da hayaƙi. Muka gaisa kamar ba komai. Ya tambayi hanya, ya tambayi gajiya.

“Ka ba shi kihin?”

“Na ba shi, Baba. Har ya yi hawaye.” Na ba shi labarin rumfar, da ɗalibai ashirin da sukudirebobinsu, da maganar jikan Arzika. Na miƙa masa rawani da akwatin. Ya shafa rawanin ya ajiye a cinya. Akwatin kuwa ya turo mini.

“Wanga na ɗiyan makaranta na, ka kai musu.”

Sai ya sa hannu a aljihu ya fito da wasiƙar, a ninke, ta sha baƙin mai a gefe.

“Bello ya so shi karanta min. Nic ce a'a. Wanda yas sa hannu, shi za ya karanta min da bakinai.”

Na karanta. Ina fassarawa layi layi, mai gonar yana tsaye yana ji. Da na zo inda aka ce ba shi da shaidar ƙwarewa na so in tsallake, ya ce in maimaita wurin. Na maimaita. Ina gamawa na hau bayani: an gano kuskure, Dakta zai gyara, za a kawo gwaji irin na Tawa, in ya zo ya yi za a ba shi takarda ya koma aikinsa.

“To. Wa za ya gwada ni?”

“Kwamiti ne, Baba. Ni, da Malam Bello, da wani daga Sakkwato.”

Ya ja igiya ya sake tayar da injin, ya goge ƙotar sukudirebansa da bakin riga, ya miƙo mini. Na karɓa. Na tsuguna cikin laka da shaddata, na ɗora tsinin inda nake ganin yana ɗorawa, na manna kunne, har da lumshe ido. Na daɗe a haka.

“Mi kaj ji, Malam?”

“Ƙara kawai, Baba.”

Ya gyaɗa kai ya karɓi abinsa. Ba fushi a fuskarsa, da ma fushin ya yi da ya fi mini sauƙi.

“Ba komi. In ka koma, akwai gurbin nan na huɗu ga takardarku. Sai ka ja ma kanka layi bisa babu.”

Ya juya ga mai gona ya ce bawul ne, a kawo sifana goma.

Rahoton ya fita, an kuma sa maganar gwajin a ciki, Dakta ya cika alkawari. Na aika wa Baba sau uku ya zo ya yi gwajin, na je da kaina sau biyu. Kullum zai ba ni tabarma, ya sa a kawo ruwa, ya ce in gaida gida. Akwatin sifanun Isuhu yana nan a rumfar ba a buɗe ba, don wanda aka turo mana mai difloma ya ce shi a allo yake koyarwa. Ɗaliban sun ragu zuwa biyar. Sauran an ce duk Laraba da Alhamis ana ganinsu a bakin tafkin Kalmalo.

Masu tambayata yaya Tawa, ga amsarku. Na ƙetare iyaka, na kwana a hanya, na sha warin kifi, don in je in ga abin da ke bayan tagar ofishina shekara goma sha ɗaya. Ranar da na gan shi kuwa, ƙarfe goma ta riga ta wuce.